Ranar da Na Wanke Rigar Sa'idu

Sallama gare ku, masu bin labarina. Ku ɗan matso, yau muryata ba ta da ƙarfi.

Ga wanda yanzu ya iske mu, sunana Barira, 'yar Ɗan'auta masunci. Gidanmu yana gefen Haɗeja ta wajen kogi, inda in ruwa ya cika sai ka rantse kwaɗi a ƙarƙashin gadonka suke kuka. Ni kaɗai Allah ya bar wa iyayena. Sa'idu kuwa ɗan aminin Baba ne, a hannun Baba ya koyi su. An yi mana baiko ke nan aka zo ɗibar samari zuwa yaƙin Bama na Turawa, can ƙetaren teku, aka haɗa da shi.

Shekarun da suka biyo baya ba sai na ba ku labari ba. Sa'o'ina suka yi aure, suka yi goyo, suka yaye, ni ina nan ina tsinkar zogale a tsakar gida. Yaƙi ya ƙare, sojoji suka fara dawowa ɗai-ɗai da akwatunan ƙarfe da takalma masu nauyi, nawa shiru. Inna ta gaji. Kawu ya fi ta gajiya, don shi ya kawo maganar Haladu, wani ƙaƙƙarfan saurayi da yake taya Baba aiki a kogi tun da bayan Baba ya fara ciwo. Ba ni da laifin da zan ɗora wa Haladu. Yana da kirki, yana gaida manya har ƙasa. Kawai dai in ya yi sallama ba abin da yake motsi a ƙirjina.

Baba bai taɓa matsa mini ba. Magana ɗaya ya yi, yana gyaran raga bai ko dube ni ba.

"Barira, na ba Sa'idu ke, ban kuma janye ba. Amma in ruwan bana ya ja aka shiga su bai zo ba, dole in nemi wanda zai hau gorana. Ni na kusa ajiyewa, gidan nan kuwa kifi yake ci."

A wajenmu masunci a kan ƙaton gora yake kifa cikinsa ya bi ruwa, ragar hannu da muke kira homa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ya buɗe su ya haɗe a kan kifi. In na rufe ido haka nake ganin Sa'idu, siriri, baƙi, ya ware hannuwa a tsakiyar bado, yana yi kamar bai san ina bakin gaɓa ina wanke ƙwaryar da na riga na wanke ba.

To ruwa ya fara ja da baya, ciyawar burugu ta fara kwanciya, sai ga Talatu mai banda ta yi sallama da hantsi. Ita ce mai kai busasshen kifi tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Tun daga zaure na ga tafiyarta ba irin ta kullum ba ce. Ta sauke kwando, ta sha ruwa, ta goge baki da gefen mayafi, sannan ta ce, "Inna, albishirinku. Sa'idu ya sauka."

Ludayin da ke hannuna ya faɗa cikin kunu. Inna ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

"Yana ina? Me ya hana shi ƙarasowa?"

"Yana tasha, wurin wani abokinsa da suka yi soja tare. Wai jirgi ya wuce da akwatinsa Nguru, shi yake jira." Talatu ta faɗi haka tana kallon ƙafarta. Ta ciro wani ƙunshi daga ƙasan kwando. "Ya ce a ba Yakaka wannan ta wanke masa."

Yakaka kakata ce, mahaifiyar Inna, mutuniyar Barno. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana murza taba a haƙora. Ta miƙo hannu tana dariya. "Kun gani ko? Angona bai manta da ni ba. Ke Barira sai ki nemi naki."

Ta kwance ƙunshin. Riga ce ta sanyi irin ta soja, ruwan ƙasa, saƙaƙƙiya, mai kauri da gashi-gashi a jiki. Ban taɓa ganin irinta kusa ba. Yakaka ta juya ta sau ɗaya, ta naɗe ta ajiye a cinya. Dariyarta ta ragu, amma lokacin ban kula ba, hankalina yana kan faɗin kafaɗar rigar. Jama'a, yaron da na sani ba zai cika rabin wannan ba. Ashe ƙato aka dawo mini da shi.

Da Talatu za ta tafi ta ce in raka ta. A zaure ta riƙe mini wuyan hannu ta rage murya.

"Akwai naki saƙon. Ya ce Yakaka ta wanke, amma kada kowa ya shanya sai ke. Ya ce in kin shanya kin ga ba za ki iya ba, ki naɗe ta yadda ta zo a mayar masa. Zai hau jirgin Kano, a ce soja ne ya lalace a bariki. Ba mai jin komai daga bakinsa."

"In na ga ba zan iya me ba, Yaya Talatu? Shanya?"

"Ni dai abin da aka ce in faɗa ke nan."

"Lafiyarsa ƙalau? Kin gan shi da idonki?"

"Na gan shi a zaune, ya yafa bargo. Ya yi ƙiba. Ya tambaye ni ko har yanzu kina tsoron agwagwa." Ta zare hannunta ta ɗauki kwando ta fice da sauri.

Na tsaya a zaure ina murmushi ni kaɗai kamar wata sakarya. Rabin saƙon ya bi iska, maganar agwagwa kawai na riƙe.

Ina komawa ciki na tarar Inna ta ɗora babbar tukunya a murhu, ta jiƙa toka, ta jawo guntun turmin da muke bugun wanki a kai. Inna in ta yi murna aiki take nema.

"Rigar da ta sha yaƙi ai sai tafasasshen ruwa," in ji ta. "A dafa ta da ruwan toka, a buga ta ta fita tas, a kai wa mabuga su sa mata ƙyalli."

Yakaka ta rungume rigar kamar an ce za a yanka jikanta. "Sauke tukunyar nan, 'yar nan! Wannan ulu ne, gashin tumaki. Kika sa shi a ruwan zafi kika buga, abin da za ki ciro ko ɗan yaye ba zai shiga ba, ga tauri kamar fatar ganga. Ubanki shekara nawa yana fataucin alkyabba da barguna daga Barno, wa kika ga yana wanke masa?"

"To ni ina na sani? Tufafi dai tufafi ne."

"Je ki yi tuwonki. Barira, ɗauko masaki."

Muka koma bayan ɗaki, gindin tsamiya, inda katangarmu ta yi gajere har ana hango fadama. Yakaka ta sa na ɗebo ruwan randa wanda ya kwana ya kwanta, mai sanyi. Ta ba ni ɓawon aduwa na daka, na zuba a ruwa na kaɗa da hannu har ya yi kumfa fari, na tace da tsumma don kada tsinke ya maƙale a saƙar. Ta ce sabulun salo ma ya yi wa ulu kaifi.

"Sa ta a hankali. Kada ki cuɗa, kada ki murɗa. Danna ki saki, danna ki saki, kamar kina wa jariri wanka."

"Yakaka, ba ke aka ce ki wanke ba?"

"Hannuna yana ciwo," ta ce, ta gyara zama a kan tabarma da hannunta lafiya lau.

Na tura rigar cikin ruwa. Da farko ta ƙi nutsewa, ta yi ta yawo a sama, kumfa na zagaye ta. Can ta sha ruwa ta yi nauyi, sai wani wari ya taso, irin na tunkiya in ruwan sama ya dake ta. Na yamutsa fuska. A ƙarƙashin wannan kuma akwai hayaƙin jirgi, da wani abu mai ɗaci kamar magani, sannan can ƙasa, wallahi, shi. Warin wuyansa da na taɓa ji sau ɗaya tak, ranar da ya sunkuya ya ɗora mini tulu a ka.

Daga nan ban san inda na tafi ba. Hannuwana suna dannawa suna saki, idona yana kan fadama. Ruwa ya shimfiɗa har inda ido ya ƙare, bado ya buɗe fari, tsuntsayen kirinjijiya suna tashi garke-garke suna sauka. An ce sojojin sun ratsa wani ruwa da ba a ganin gaɓarsa, mai gishiri, wata guda suna tafiya a kai. Na yi ta ƙoƙarin ganin Sa'idu a tsakiyarsa, sai in gan shi a kan gora, da rigar nan a jikinsa, yana nufo gidanmu ta cikin bado. Na gan mu a ɗakin da Baba ya ce zai gina mana a gefen rumbu. Na jera tasoshina, na rataya faifai, na shimfiɗa farin zane a gado. Na gan shi ya dawo daga kogi da yamma yana rawar sanyi, na miƙa masa rigar nan tana ƙanshin turare, ya ce wa ya koya mini, na ce ba ruwansa. Har 'ya'ya na haifa a gindin tsamiyar nan, na raɗa musu suna, ɗaya ma na dake shi don ya taɓa wuta.

"Ke! Rigar za ki narkar?"

Na dawo. Ruwan masakin ya zama ja-ja, ba irin jan ƙasarmu ba. Na tsaya ina kallo. Wannan ƙurar wani gari ce da ba zan taɓa gani ba, ta biyo shi har bayan ɗakin Inna. Na kasa watsar da ita a rariya, na kai gindin lallena na zuba a hankali. Yakaka ta gani ta kau da kai.

Muka sake ruwa, muka sake, har ya fita garau. Na tallabo rigar da hannu biyu daga ƙasa yadda ta ce, don in an ɗaga ta ta kafaɗa nauyin ruwa zai ja ta ta yi tsawo ta lalace. Na kai hannu zan matse, ta buge mini yatsu. Ta ba ni tsohon zanenta mai kauri, muka shimfiɗa rigar a kai, muka naɗe su tare kamar tabarma, na hau da gwiwa ina dannawa, zanen yana shanye ruwan.

"Yanzu shanya," ta ce. "Ba a igiya ba, ba a dangar kara ba, ba kuma a rana ba. Kwantar da ita za ki yi a kan asabari a inuwa, ki gyara mata jiki da tafin hannu. Yadda kika bar ta haka za ta bushe. Ulu yana riƙe siffar mai shi." Ta tashi tana dafa bango. "Wannan aikin naki ne. Ni na shiga."

Na ɗora asabari a kan duwatsu don iska ta bi ta ƙasa. Na kwantar da rigar. Na daidaita wuya, na shafa ƙirji, kunya ta kama ni na waiga ko wani yana gani. Na ja hannun dama na miƙar. Bakinsa ya cinye, zare ya fito. Gwiwar hannun ta yi buhu, ta riƙe lanƙwasar mai ita, an kuma yi mata faci da baƙin zare, ɗinki mummuna, duk ya tattare. Na yi dariya. Sa'idu da yake saƙa raga kamar zana lalle, shi ne da wannan ɗinkin?

Na zagaya na ja hannun hagu.

Bakinsa lafiya lau, ko zare ɗaya bai tashi ba. Gwiwar a miƙe take sumul. Daga sama da gwiwa zuwa ƙasa launin ya fi na sauran rigar duhu, kamar rana ba ta taɓa ganinsa ba. A daidai wurin da launin ya canza akwai wani layi a kwance, karyewar ninki, wanda duk ruwan da na ba rigar bai goge shi ba. Na shafa, ya dawo. Na sake shafawa, ya dawo. Sai idona ya kai kafaɗa, na ga 'yan ƙananan huji a jere, da tsatsa a bakinsu, irin wanda fil yake bari. Akwai irinsu a bakin hannun.

Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi. Na ninke hannun rigar a kan layin, na kai bakinsa kafaɗa. Huji ya hau kan huji.

Ban yi ihu ba. Na zauna a ƙasa, a cikin laimar wankin, na riƙe wannan hannun rigar da ba kowa a cikinsa. Kirinjijiya suna ta kukansu. Daga tsakar gida ina jin Inna tana daka tana waƙa. Na tuna facin nan da na yi wa dariya, na gane da hannu ɗaya aka yi shi, wataƙila ya danne rigar da gwiwa, wataƙila da haƙori ya ja zaren. A nan ne kukan ya zo. Na tura bakin zanena a baki don kada Inna ta ji. Tausayinsa ya kama ni, sannan haushi, don me zai zauna a tasha kamar baƙo yana jiran hukuncina? Sannan tsoro, don na san abin da Baba yake jira, na kuma san ba a hawa gora da homa ɗaya.

Yakaka ta dawo ta zauna kusa da ni.

"Kin gani tun da safe," na ce.

"Tun da na kwance ƙunshin."

"Shi ne kika bar ni ina ta shirme?"

"Ke aka aiko wa. Yaron yana da hankali, bai so ki gani a gaban mutane fuskarki ta ba ki kunya." Ta shafa rigar. "Ki bar ta ta bushe tukuna, in gefe ɗaya ya sha iska ki juya. Ba a yanke shawara a kan jiƙaƙƙen abu. In mayarwa za ki yi, zan ba ki saiwar jema da kanumfari ki sa a ciki, kada asu ya cinye masa ita a Kano. Ba wanda zai zage ki. Ni ma ba zan zage ki ba."

"In ba mayarwa zan yi ba fa?"

"To wannan ban san shi ba. Ubanki za ki tambaya, da ciwon bayansa."

Rigar ta wuni a inuwa, ta kwana a ɗakin Yakaka, washegari na sake fito da ita. Ina juya ta, ina korar kaji, ina amsa wa Inna da to. Maƙwabta suna ta shigowa barka. Kawu ma ya zo ya ce ai shi dama bai taɓa cire rai ba. Baba kuwa tun da ya ji labari bakinsa bai rufu ba, har ya daina dafa ƙugu in zai tashi. Duk wanda ya yi mini murmushi sai in ji kamar na sace masa wani abu.

Bayan azahar ta bushe. Ta yi laushi, ta yi haske, warin tunkiya ya tafi. Na ɗauke ta na sa fuskata a ciki na daɗe. Na yi ƙoƙarin ganin jirgin Kano yana tafiya da shi, na ga Haladu a ɗakin gefen rumbu, na ga Baba yana hutawa a inuwa, tukunyar Inna cike da kifi. Komai ya zauna daidai a wannan hoton, ni kaɗai ce ba na ciki.

Na je na ce, "Yakaka, ba ni allura."

Ta dube ni da kyau. "Me za ki ɗinka?"

"Fil ɗin nan yana yaga masa riga. Kuma wa yake maƙala masa kullum? Abokinsa?"

Ta ciro babbar allura daga gashinta. Ta juya rigar, ta nuna mini yadda zan zaro zare daga cikin lanƙwasar gindinta inda ba a gani, ta ce ulu da ulu ake ɗinka shi, zaren auduga yanka shi yake yi. Na koma gindin tsamiya. Na ninke hannun a kan layinsa, na kwantar da bakin a kafaɗa, na fara bi da ƙananan ɗinki, ba ja, ba tattarewa. Ina yi zuciyata ta kwanta irin kwanciyar da rabona da ita tun ranar da aka tafi da shi. Talatu za ta koma tasha da safe. Zai kwance ƙunshi ya gani, ba sai an faɗa masa komai ba.

Na kai rabi na ji muryar Baba a tsakar gida.

"Ina Barira? Ta zo ta ga abin da na ajiye wa mutumin nata!"

Kafin in ɓoye ya zagayo bayan ɗaki. Sababbin homa biyu ne a kafaɗarsa, zarensu fari, itacen ko ruwa bai taɓa ba. Ashe tun bara yake saƙa su a ɓoye. Yana dariya yana cewa, "Gara da na yi su da faɗi, tunda an ce ya zama ƙa..."

Maganar ta tsaya. Ya dubi rigar a cinyata, ya dubi hannun da yake miƙe, ya dubi wanda nake ɗinkewa. Na ga lokacin da ya gane, don kafaɗarsa ta sauka, homa ɗaya ta zame ta faɗi a ƙasa bai ɗauka ba. Inna ta biyo shi da murmushinta, ta tsaya a bayansa tana leƙe.

"Wa ya ce ki ɗinke?" Muryarsa can ƙasa.

"Ba kowa, Baba."

"Kin san abin da kike yi wa gidan nan?"

"Na sani."

Ya daɗe yana kallona. Idonsa ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

"Barira," ya ce, "ajiye allurar nan mu yi magana."

Ban taɓa ƙin maganar Baba ba, ko sau ɗaya. Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan ulun da na sha wahalar busarwa, na soka allurar na ja zaren.